Turke ya koma wurin ajiye babur: yadda sukuwa ke janyewa daga Garou

Ranar wata Alhamis na tambayi 'yan ajina ko akwai wanda ya taɓa hawa doki. Hannayen da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma a cikinsu har da wanda daga baya ya amsa cewa jaki ne ya hau. Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Lokacin da nake shekarunsu, washegarin Sallah da la'asar ba a neman yaro a gida. Kowa yana bakin fili, ana sakin dawakai biyu-biyu, ƙura ta turnuƙe, mata na guɗa.

Masu dawakan nan ba attajirai ba ne. Manoma ne da 'yan kasuwa masu matsakaicin ƙarfi. Kawuna yana cikinsu. Dokinsa akawal ne, ɗan ƙarami, irin na Arewa, kuma kusan duk abincinsa daga gona yake fitowa: harawar wake, dusa, gero ɗan kaɗan, sai ciyawar burgu da yara ke yankowa a bakin kogin Kwara. Yau a inda turken yake babur ne a jingine, wanda ɗansa ke kabu-kabu da shi tsakanin Garou da kasuwar Malanville.

Da na tambaye shi dalili, bai yi dogon bayani ba. Ya ce babur in an kashe shi ba ya cin komai, doki kuwa ko ana hawansa ko ba a hawa sai ya ci safe da yamma. Harawar da a da ake bari kan rufin ɗaki yanzu kaya ce ta sayarwa, masu kiwon ragunan layya suna layi a kanta. Fadamar da burgu ke fitowa an mai da yawancinta shinkafa da albasa, wanda ba laifi ba ne, da shi ake cin abinci. In kuma kogi ya yi ambaliya a watan Agusta ko Satumba, kamar yadda ya saba yi mana nan da Karimama, mai gida geron bakin 'ya'yansa yake lissafi, ba na dabba ba.

Sai shekarar 2023 ta zo da nata. A ƙarshen watan Mayu Nijeriya ta cire tallafin mai, kuɗin man kwalba ya tashi, kuɗin mota ya bi shi. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. An ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024, amma ɓangaren Nijar bai buɗe gadar ba. Mutum da buhunsa zai iya shiga kwalekwale ya ƙetare. Doki fa? Ga shi kuma ta can muke samun dawakan, ta can sirdi da linzami da kanwa suka saba shigowa. A ƙara da rashin tsaro a yankin gandun dajin W, wanda ya sa mutane ba su son taron da zai kai dare.

Amma ni a ganina akwai abin da ya fi duk waɗannan kashe gwiwa, wato irin dawakan da ake shigowa da su fili. Tun da masu hali suka fara sayen dogayen dawakan Sudan, masu ɗan barga na musamman da allurai da abincin awo, mai ƙaramin doki ya san sakamako tun kafin a saki linzami. Wa zai ciyar da dabba shekara guda don ya zo ya sha ƙurar wani? A manyan gasannin Nijar da Nijeriya an gane haka, shi ya sa ake raba dawakai rukuni-rukuni, na Arewa daban, na Sudan daban. Mu a ƙauye ba mu taɓa rabawa ba.

Wani zai ce ai ga bikin Gani a Nikki, duk shekara mahaya cike da fili, gwamnati ma ta gina sabuwar fada da dandalin biki. Ga hawan Sallah na Kano, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a Disamban 2024. Gaskiya ne. Sai dai cikar babban taro ba ta nuna lafiyar ƙananan filaye, kuma ba a harkar doki kaɗai ake ganin haka ba. A Amurka akwai tseren wasu 'yan ƙananan motoci masu kujera ɗaya, wanda ya soma a jihar Kalifoniya a 1933. Makanikai ne ke haɗa su da hannunsu, su yi tsere a ƙarshen mako. Yanzu injin mai kyau shi kaɗai kan kai kuɗin sabuwar motar hawa. Gasar Chili Bowl da ake yi a birnin Tulsa duk watan Janairu tun 1987 tana tara motoci sama da 300, alhali a ƙananan filayen garuruwa masu shirya tsere suna kukan ƙarancin masu shiga. Da na karanta labarin sai na ga kamar kawuna ake nufi.

Mahayin da ake tafa wa a Nikki a wani ƙaramin fili ya fara faɗowa daga kan doki yana ɗan shekara goma. In babu dokin maƙwabci da za a ba yaro ya kai shi shan ruwa, ban san inda zai koya ba.

Na kai wa wasu dattawa shawarar a ware wa ƙananan dawakai tserensu a Sallah mai zuwa, kyautar kuma ta zama buhun dusa da damin harawa maimakon kuɗi. Ba su ƙi ba. Ɗaya daga cikinsu dai ya ce in fara zagayawa gida-gida in ƙirgo dawakan da suka rage, har da na ƙauyukan kewaye, sannan a san ko za a cika sahu. Na ba 'yan ajina aikin, kowa ya tambayo a unguwarsu, ranar Litinin za su kawo mini lissafi.