Hukuncin Ɗaukar Baƙo Marar Takarda Aikin Gona

Tambaya: Ni manomi ne a ƙasar Dambatta. Duk kaka samari kan zo mana ƙwadago daga Damagaram, yawancinsu ba su da takardar shige da fice. Shin kuɗin aikinsu daidai yake da na ɗan gari? Kuma ana ba su zakka?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai haƙƙin hukuma, akwai haƙƙin ɗan ƙwadago, kada ka haɗa su.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba biza har kwana 90, amma da takardar tafiya a hannunsa. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, sai dai ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan Nijar suna shigowa har zuwa wata sanarwa. Saboda haka ka yi musu nasiha su yanki takarda, su bi ta Kongolam maimakon hanyar daji, domin bin shugabanni a abin da ba saɓo ba wajibi ne.

Amma rashin takarda ba ya ɓata ijara. Muddin an ambaci aiki, an yanka lada, ya girbe maka gero ko ya cire gyaɗa, kuɗinsa ya zama bashi a wuyanka. Na sha ganin mai gona ya zaftare rabin abin da aka yi ciniki, don ya san yaron ba zai iya kai ƙara ba, wani ma har da barazanar kira masa jami'ai. Wannan zalunci ne tsantsa. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa Allah da kanSa zai yi husuma ranar alƙiyama da wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago. Mu kuma da 'ya'yanmu suke zaman takari a Makka da Jidda, suna ɓoyon 'yan sanda, mun fi kowa sanin zafin wannan.

Batun zakka kuwa, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas, ba ta sharɗanta ƙasa ba. Idan Musulmi ne matalauci, ko matafiyin da guzurinsa ya yanke, ka ba shi daga zakkar hatsinka. Sai dai bai halatta ka lissafa ta cikin ladan aikinsa ba.

Allah ne Mafi sani.