Ilimin Kuɗi Da Ƙwadago: Gonar Da Ke Jiran 'Ya'yanmu

Duk magidancin da ya mallaki hankalinsa a watan Janairun 1994 yana tune da lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Albashi bai motsa ba, amma magunguna da kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Irin wannan hukunci a kan lissafin masana tattalin arziki ake gina shi. To, mutum nawa ne daga gidajenmu suka iya wannan lissafi?

Ƙasar nan ba ta rasa abin bincike ba. Manomin auduga yana karɓar taki bashi ta hanyar SODECOTON, wadda aka kafa a 1974, a cire kuɗin idan ya kai kaya sikeli. Nawa ke rage masa? Nawa ɗan acaɓa ke kaiwa gida bayan ya sallami mai babur? Me adashin mata ke tsinana wa iyali? Amsa waɗannan da hujja da alƙaluma shi ne aikin mai binciken kuɗi da ƙwadago.

Hanyar tana da tsawo: shekara 3 na digirin farko, 2 na mastas, sannan aƙalla 3 na digirin dakta, kafin a fara hawa matakan koyarwa har zuwa farfesa. Sai dai yanzu ilimin ya matso kusa. An kafa jami'a a Ngaundere a 1993, a Marwa a 2008, a Garwa kuma a 2022.

Muna da abin koyi. Marigayi Sadou Hayatou, haifaffen Garwa, ya karanta tattalin arziki a Faransa, ya riƙe ma'aikatar kuɗi, ya zama Firayim Minista a 1991. A Najeriya, Sanusi Lamido Sanusi ya koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya karanta shari'a a Khartum, sannan ya shugabanci Babban Banki daga 2009 zuwa 2014. A zamaninsa bankin Jaiz marar kuɗin ruwa ya fara aiki.

Wannan ya nuna yaron da ya san babin ciniki da riba da haƙƙin ɗan ƙwadago a littattafan fiƙihu ya shiga fagen da guzurinsa. Ya ku iyaye, idan ɗa ko 'ya suka nuna ƙwazo, kada mu katse musu karatu don gaggawar albashi. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.