Shin Ko Kun San? Cocin Ƙasa na Navrongo da Ya Haura Shekara Ɗari

A garin Navrongo da ke arewacin Gana, dab da iyakar Burkina Faso, akwai wani cocin Katolika da aka gina da tubalin ƙasa, kuma har yau ana ibada a cikinsa. Ga kaɗan daga cikin labarinsa.

Shin ko kun san cewa a ranar 23 ga Afrilu, 1906, 'yan mishan uku suka sauka a Navrongo daga Wagadugu? Su ne Fada Oscar Morin ɗan ƙasar Kanada, da Fada Jean-Marie Chollet, da wani ɗan'uwansu mai hidima, Eugene Gall. Daga ranar ake ƙirga tarihin ɗarikar Katolika a arewacin Gana.

Shin ko kun san cewa siyasar Faransa ce ta turo su? A 1905 Faransa ta kafa dokar raba coci da gwamnati, sai 'yan mishan da ke ƙasashen rainonta suka ji tsoron a kore su. Don haka suka nemi wurin fakewa a yankin da ke hannun Turawan Ingila.

Shin ko kun san cewa ƙungiyarsu a Afirka aka kafa ta? Kadinal Charles Lavigerie ne ya assasa ta a Aljeriya a 1868. Limamanta kan sa farar jallabiya da alkyabba irin ta mutanen Arewacin Afirka, shi ya sa aka san su da farin tufafi duk inda suka shiga.

Shin ko kun san cewa da ɗan ƙaramin ɗakin ibada aka fara a 1907? A shekarar ce kuma suka buɗe makaranta. Da masu ibada suka ƙaru aka faɗaɗa ɗakin a 1910, sannan a 1920 aka kammala babban ginin da ake gani yanzu.

Shin ko kun san cewa tsawon cocin ya kai mita 60, faɗinsa mita 14, hasumiyar ƙararrawarsa kuma mita 13? Mutanen gari ne suka kwaɓa ƙasa, suka buga tubali, suka shanya a rana, suka ɗora shi da laka. Daga baya aka rufa saman da kwano don kare bangon daga ruwan damina.

Shin ko kun san cewa daɓen cocin da tsakuwa da kashin shanu da ruwan ɓawon ɗorawa aka yi shi? Maginan Kano da Zariya da Damagaram ba za su yi mamaki ba, domin da makuba, wadda ita ma daga ɗorawa ake samunta, suka saba ƙarfafa yaɓe da daɓe.

Shin ko kun san cewa mata ne suka ƙawata cikinsa? A shekarun 1970 matan yankin, musamman na ƙauyen Sirigu, suka zane bango da ginshiƙai da irin adon da suke yi wa gidajensu. Launukansu ja da baƙi da fari ne, duk daga ƙasa da duwatsu. A gefen siffofin mala'iku da labaran Littafi Mai Tsarki za ka ga dabbobi da zane mai kusurwa-kusurwa na al'adar Kasena da Nankani.

Shin ko kun san cewa sunan cocin yana ɗauke da baƙin ciki bakwai na Maryamu? A koyarwar Katolika su ne: annabcin Saminu a haikali, gudun hijira zuwa Masar, ɓatan yaro Yesu a Urushalima, haɗuwarta da shi a hanyar gicciye, gicciyewar, sauko da gawarsa, da kuma binne shi. Ranar 15 ga Satumba ce ranar tunawa da wannan a kalandar cocin.

Shin ko kun san cewa a 1934 cocin ya zama mazaunin bishop? Daga nan aka riƙa buɗe sababbin rassa a garuruwan kewaye, har ake kiransa uwar cocin Katolika na arewacin Gana.

Shin ko kun san cewa babbar kyautar cika shekara ɗari daga Roma ta zo? A watan Mayun 2006, shekarar da jama'ar Navrongo suka yi bikin cikar ƙarni guda da zuwan 'yan mishan, Fafaroma Benedict na 16 ya ɗaga cocin zuwa matsayin ƙaramar basilika. Wannan lambar girma ce da ake ba cocin da ya yi fice a tarihi da ibada, kuma ƙalilan ne suka same ta a Gana.

Shin ko kun san cewa tun shekarar 2000 Gana ta sa cocin cikin jerin wuraren da take so hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya?

Ginin ƙasa ba ya son sakaci. Damina biyu ko uku ba gyara, sai bango ya fara zaizayewa. Abin da ya tsayar da cocin Navrongo fiye da shekara ɗari shi ne jama'ar da ba ta gaji da yaɓe da toshe tsaga ba. Duk garin da ke da tsohon masallaci, ko coci, ko ganuwa, ko soron ƙasa, to ya tashi ya gyara kafin ruwa ya sauko.