Ko Ka Sani? Na'urar da ke Gane Ranar Lahadi a Cikin Kogi

Ko ka san akwai kogin da ke rage gudu a ƙarshen mako? Kogin Kolorado ne na Amurka, kuma ma'aunin ruwa da ke Lees Ferry, a jihar Arizona, shi ya nuna hakan. Tun 1921 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ke auna kogin a wurin. Daga baya aka gina madatsar Glen Canyon kimanin kilomita 25 sama da shi, ta fara tare ruwa a 1963.

Irin wannan na'ura tsayin ruwa kawai take gani. A tashoshi da yawa rijiya ake ginawa a gaɓa, bututu ya haɗa ta da kogin, a saka wani abu mai yawo a saman ruwa kamar gorar masunci. Ruwa ya ƙaru ya hau, ya ragu ya sauka, na'urar kuma tana rubutawa duk minti 15. Sanin yawan ruwan da ke wucewa kuwa, sai ma'aikata sun fita kogin sun auna faɗi da zurfi da saurin gudu, sannan a haɗa jadawali: in ruwa ya kai tsayi kaza, ruwa kaza ke wucewa a daƙiƙa. Ambaliya na iya kwashe yashin gindin kogi ta ɓata lissafin, don haka awon ba ya ƙarewa.

Awo 96 da na'urar ke rubutawa a rana, sama da 35,000 a shekara, ba aikin biro da takarda ba ne. Da 'yan layukan harshen kwamfuta irin Python ko R mai bincike zai janyo alƙaluman daga intanet, ya cire gurɓatattu, ya zana su. A zanen ne abin ke fitowa fili. Kafin madatsar, kogin kan cika maƙil a Mayu da Yuni in ƙanƙarar duwatsu ta narke, sannan ya janye. Bayan ta, sai ya koma hawa da sauka kullum: a buɗe wa injinan lantarkin madatsar ruwa da rana lokacin da birane ke jan wuta, a rage da dare, a ƙara ragewa Asabar da Lahadi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake saurin dogara da matsakaicin awon yini. Lamba ɗaya tak a rana tana haɗiye wannan hawa da sauka gaba ɗaya, kogin ya fito lafiya lau a takarda, alhali tudun yashin da ke cikin kwazazzabon Grand Canyon, wanda kogin ke ratsawa ƙasa da madatsar, suna zaizayewa, ƙananan kifaye kuma suna maƙalewa a gaɓa in ruwa ya janye farat ɗaya. Damuwa kan wannan ɓarna ta kai majalisar dokokin Amurka ga kafa dokar kare kwazazzabon a 1992, kuma a 1996 aka tsayar da ƙa'idar iyakar ruwan da masu madatsar za su iya ƙarawa ko ragewa cikin yini guda.