Husufin rana

Ran Laraba, 29 ga watan Maris na 2006, da hantsi, hasken rana ya dushe a Dogarawa da Galmi. A Katsina da Gusau kuwa, duhu ya rufe gari na ƴan mintoci. Wannan shi ne husufin rana.

Me ke kawo shi? Duniya tana zagaya rana, wata kuma yana zagaya duniya. Wani lokaci wata yakan shiga tsakaninsu, ya tare hasken rana, inuwarsa ta faɗo bisa ƙasa. Shi ya sa husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata.

Yaya ƙaramin wata zai rufe babbar rana? Rana ta fi shi faɗi kusan sau 400, amma ta fi shi nisa da mu kusan sau 400. Ku gwada: ku rufe ido ɗaya, ku miƙa hannu, babban yatsanku zai ɓoye muku rumbu mai nisa.

Yara, ku kiyaye! Kada ku dubi rana kai tsaye, ko da lokacin husufi ne. Haskenta yana lalata ido, ba tare da an ji zafi ba.

Tambayoyi
1. Me ke tare hasken rana lokacin husufi?
2. Don me ba a duban rana kai tsaye?