Ƙwayoyin Tushe da Sankarar Mama

A 'yan shekarun nan an cika wayoyinmu da tallan wani gari da ake kira sitem sel, a ƙulle cikin 'yan ƙananan ledoji, wai a zuba ƙarƙashin harshe ya warkar da suga da hawan jini har da sankarar mama. Sunan da suka ara na gaskiya ne, masana sun haura shekara 20 suna bincike a kansa. Amma abin da binciken ya gano daban, abin da mai talla ke faɗa daban, kuma ya kamata mace mai ƙullutu a mama ta san wannan kafin ta sayar da ɗankunnenta na zinare.

Jikin ɗan Adam ƙwayoyin halitta ne, kowacce da aikinta. A cikinsu akwai 'yan kaɗan da aikinsu shi ne haifar sauran, su kuma sabunta kansu. Su ne ƙwayoyin tushe, wato sitem sel. Na cikin ɓargo su ke ƙera jini kullum. Mama ma yana da nasa, su ke tayar da shi lokacin balaga, su buɗe hanyoyin nono idan an samu ciki, su sake haka a kowane goyo. A 2006 ayarin Jane Visvader da Geoff Lindeman a Melbon ta Ostireliya ya ɗauki ƙwaya ɗaya tak daga maman ɓera ya dasa wa wata, ƙwayar nan ta gina cikakken mama mai kawo nono.

To, ashe ita ma sankara tana da irin nata. A 2003, a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Muhammad Al-Hajj da Michael Clarke da Max Wicha suka tace ƙwayoyin sankarar da aka samo daga jikin mata, suka raba su kashi-kashi, suka dasa wa ɓeraye. Wani ɗan kashi, ƙwaya 100 kacal daga cikinsa ta isa ta tayar da sabon ƙari. Sauran kuwa an zuba dubunnai, ba abin da ya tsiro.

Wannan ya haska wani abu da ya daɗe yana damun likitoci da iyalai: an yi tiyata, an yi kemo, an yi gashi, hoto ya nuna babu komai, sai bayan shekaru ciwon ya ɓullo a ƙashi ko huhu ko hanta. Kemo ya fi kama ƙwayoyin da ke saurin yaɗuwa. Su waɗannan 'yan kaɗan ɗin sukan lafe ba motsi, wasunsu ma suna da hanyar amayar da maganin da ya shige su. Duk manomin da ya yi fama da ƙiri-ƙiri a gona ya san zancen: ka share sama tas, muddin saiwa na ƙasa, ruwan farko za ta dawo. Daga baya an gano cewa ƙwayar sankara ta gama-gari ma tana iya rikiɗa ta ɗauki wannan hali, abin da ya ƙara wa aikin wuya. An gwada magunguna da dama a kansu, har yau babu wanda aka amince da shi musamman don su a sankarar mama. Mutanen Melbon kuma sun bi sawun ƙwayoyin da ciwon ke farawa daga gare su a matan da suka gaji matsala a ƙwayar gado mai suna BRCA1, yanzu ana gwada denosumab, maganin ƙarfafa ƙashi, ko zai hana ciwon tasowa tun farko.

Akwai wani tarihi mai ciwo da nake so kowa ya sani. Daga ƙarshen shekarun 1980 likitoci a Amurka suka yi tunanin cewa tunda ɓargo ne ke hana a ƙara ƙarfin kemo, sai a ɗebi ƙwayoyin tushen jinin mace a adana, a ɗura mata magani ninkin-ba-ninkin, sannan a mayar mata da su. A baki maganar ta hau. Mata suka yi ta neman a yi musu, wasu har kotu suka kai kamfanonin inshora don a biya. Sama da mata 30,000 aka yi wa kafin a kammala gwaji na tsanaki. Da sakamako ya fito a 1999, sai aka ga dashen bai ƙara musu kwana fiye da maganin da aka saba ba, wasu ma shi ne ajalinsu. Wanda ya kawo sakamako mai daɗin ji, Werner Bezwoda na Jami'ar Witwatersrand a Johannesbag, da aka binciki takardunsa a 2000 aka tarar ƙarya ya shirga, aka kore shi. Idan dashen da manyan asibitoci suka yi bai kawar da sankarar mama ba, ina ga garin nan da ake talla, wanda aka sarrafa daga tuffa da inabi? Ƙwayar tsiro ba ta zama ta mutum don an haɗiye ta.

Dashen ɓargo yana da muhallinsa, wato cututtukan jini, irin sankarar jini da sikila. Tun 2011 aka yi na farko a Najeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin, ga wani yaro mai sikila.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da sankarar mama, 670,000 suka rasu. A wajenmu yawancin mata sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti, bayan an sha jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ƙullutu a mama ko a hammata, jini daga kan nono, fatar da ta lotsa, duk a kai wa likita ya ɗebi ɗan nama a gwada. Wadda ta fara kemo kada ta tsaya a zagaye na uku don ƙari ya motse. Wadda aka ɗora a kan maganin tamoxifen, shekara 5 zuwa 10 ake sha ko da tana jin garau, domin irin sankarar da ake ba da shi a kanta tana iya dawowa har bayan shekara 20, kuma maganin yana rage wannan haɗari sosai.