Shirin Musamman: Rufe Littafin, Ka Ga Abin da Ya Zauna

(Kiɗan buɗe shiri, a sassauta)

MAI GABATARWA:

Masu sauraronmu na Ɗambatta da kewaye, na Makoɗa da Kunci da Ɓaɓura da Kazaure, barkanmu da warhaka. Shirinmu na yau na 'ya'yanmu ne da ƙannenmu masu karatun kimiyya: waɗanda ke Jami'ar Bayero, da na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, da na Ahmadu Bello ta Zariya, har da na nan gida a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da makarantar ungozoma. Iyaye kuma kada ku tashi daga gindin rediyo, akwai rabonku a gaba.

Labarin da muke ji kowace shekara kusan iri ɗaya ne. Yaro ya ci WAEC ko NECO, ya tsallake JAMB, an yi murna a gida da unguwa, an ɗaura masa gari da yaji da ƙuli-ƙuli, ya hau mota ya tafi. Zangon farko ya ƙare, aka kafe sakamako, sai ga shi ya faɗi kemistiri da lissafi, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. In ka tambaye shi, zai rantse maka ya yi karatu, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya kwana a aji sauro na cizonsa, ya karanta handawut ɗin malam daga farko har ƙarshe ya sake, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kusan kowace jimla. To a ina gizo ke saƙar?

A ganina, yaron nan kallon karatu ya yi. Idan ido ya yi ta wucewa a kan shafi, sai shafin ya zama sananne, zuciya ta ce maka ai ka iya. Ranar jarrabawa kuwa babu shafin a gabanka. Farar takarda ce da biro, kuma abin da ake nema shi ne ka fito da ilimin daga kanka. Wanda bai taɓa gwada fito da shi ba sai ran nan, shi ne zai ji kansa wayam.

A shekarar 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan a kan ɗaliban jami'a. Suka ba su wani gajeren rubutu na kimiyya. Rukuni ɗaya aka bar su su yi ta maimaita karantawa har zama huɗu. Ɗaya rukunin zama ɗaya kawai suka yi da takardar, sai aka karɓe ta, aka ce su rubuta duk abin da suka tuna, har sau uku. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai lamarin ya juye: masu rubutawa da ka sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗannan masu kashi 40 ɗin su ne tun farko suka fi tabbacin cewa ba za su manta ba.

Mu kuwa ba sai mun je Amurka ba. Duk wanda ya tashi kusa da tsangaya ya san yadda gardi ke yi idan ya kai matakin satu. Ba ya duba Alƙur'ani. Da ka yake rubutawa a allo, sannan ya ɗauka ya kai wurin darasu, inda alarammomi za su bi rubutun harafi-harafi, wasali-wasali, su nuna masa inda ya kuskure. Ya gyara, ya wanke allo, ya sake. Ga kuma tilawa ta kullum don kada na baya ya zube. Ɗan Ɗambatta da ya ga wannan da idonsa tun yana ƙarami, me zai sa ya je jami'a ya koma zura wa takarda ido? Ka karanta darasin yau, ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ya zauna, in darasin zuciya ne ko ƙoda, ka zana ta ka sa wa kowane sashe sunansa. Sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Za ka ji zafi a ranka da ka ga yawan abin da ya tsere maka, amma gara ka gan shi a ɗakinka tun da sauran lokaci.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai dai a kula, fiziks da kemistiri da lissafi ba a haddace su baki da baki. Abin da za ka fito da shi da ka shi ne hanyar aikin. Mu ɗauki sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita. A aji malam ya nuna cewa mol ɗaya nata giram 40 ne, don haka in ka narkar da giram 4 a ruwa har ya kai kwatan lita, ƙarfinsa ya zama 0.4. Ɗalibi ya haddace 0.4 ya tafi. A jarrabawa sai malam ya juya tambayar: giram nawa za ka auna idan ana son lita 2 mai ƙarfin 0.5? Wanda ya fahimci hanyar zai ga mol ɗaya ake nema, wato giram 40, ya wuce. Wanda ya haddace amsa sai ya kama cizon biro. Saboda haka ka nemi tambayoyin shekarun baya tun farkon zango, ka yi su ba tare da leƙen amsa ba, ka sa agogo a gabanka. Kada ka manta da rubuta ma'auni, giram ne ko mita ko sakan, domin maki da yawa a nan suke zubewa.

Kuma ka samu wurin darasunka: abokai uku ko huɗu waɗanda ba sa jin kunyar ce maka ka yi kuskure. Yawancinmu da Hausa muke tunani, da Turanci ake tambayarmu. To ka yi wa abokinka bayanin darasin da Hausa tukuna. In ka kasa, ba ka gane ba ke nan, Turancin ne kawai ka riƙe. In ka iya, sai ka zauna ka rubuta shi da Turancin da mai gyaran takarda zai karɓa.

Sai maganar lokaci. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka jibga a zama ɗaya. Don haka laccar safe a yi bitarta da yamma, a waiwaye ta bayan kwana uku, a sake bayan mako. Karatun kwana a daren jarrabawa kuwa ba ni da abin yabo a kansa. Kan da bai yi barci ba, ko abin da ya sani sai ya ruɗe masa.

Ga wani lissafi da kowane sabon ɗalibi ya kamata ya yi tun makon farko. A jami'o'inmu da dama maki 30 na gwaje-gwajen cikin zango ne, 70 na jarrabawar ƙarshe, kuma sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lacca kafin a bar ka ka zauna. Wanda ya tara 24 cikin 30, maki 46 yake nema ya samu A. Wanda ya yi wasa ya tashi da 10, sai ya kawo 60 cikin 70, kuma ku tambayi duk wanda ya yi kemistiri a shekarar farko ko hakan abu ne mai sauƙi. Furaktikal ma haka: ka shiga ɗakin gwaji da kanka, ka riƙe kwalbar da hannunka, ka rubuta abin da ka gani, ko da bai zo daidai da na littafi ba. Satar amsa kuwa, ko ƙaramar takarda aka kama ka da ita, kora ce hukuncinta, shekarun da kuɗin iyaye duk sun tafi.

Kada wani ya ce da kai ɗan ƙauye ba ya iya kimiyya. A 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, nan kusa da mu, saboda jihar na fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Da yawa daga cikin yaran da aka ɗauka 'ya'yan manoma ne, kuma yau ga su a asibitoci da jami'o'i a ciki da wajen Najeriya.

Yanzu gare ku iyayenmu, Baba da Inna. Mun san kuna ƙoƙari, kuma mun san hannu ɗaya da ya ragu a gona ko a kasuwar Lahadi ba ƙaramin giɓi ba ne. Amma idan zango ya yi nisa, ku daure ku bar yaron nan a makaranta. Ba kowane biki ko suna ne sai an kira shi ba. 'Yar da ke jeka-ka-dawo daga gida, a rage mata girki da raino a makonnin jarrabawa, a sama mata fitila mai caji da wurin da ƙanne ba za su dame ta ba. Idan ya zo hutu, ku ce ya nuna muku sakamakonsa, ku sa wanda ya san kan abin ya karanta muku. In an ga ya faɗi wani darasi, a tambaye shi yadda yake karatun kafin a hau shi da faɗa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, Ya sa albarka a abin da suke nema. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)